Babban hutu a Damagaram: Ina yaranmu ke wuni idan mun tafi kasuwa?

Da zarar watan Yuni ya ƙare, aka rufe makarantun boko a Jamhuriyar Nijar, sai birnin Damagaram ya sauya kama. Hanyoyin da aka saba ganin 'yan lakwal suna tururuwa da jakunkunansu tun da sassafe sai su yi tsit, yayin da lungunan Birni da Zango da Sabon Gari da Garin Malam ke cika da yara da matasa tun hantsi har bayan isha'i. Hutun kuwa ba ƙarami ba ne, domin yakan kama daga farkon Yuli zuwa farkon Oktoba, wato wata uku cur. A shekarar 2024 ma ya zarce haka, saboda ambaliyar ruwan da ta addabi ƙasar a daminar, wadda har ta rusa tsohon masallacin Birni a farkon Satumba, ta sa gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa ranar 28 ga Oktoba.

Ita kuwa kasuwa ba ta san hutu ba. Mai waina da mai koko sun fita tun asuba, mai atamfa ya buɗe shago, dillaliya ta ɗauki ƙullinta, ranar Alhamis kuma kowa ya san yadda kasuwar Dole ke cika maƙil, ba masaka tsinke. Uwa ta bar gida da safe, ba za ta dawo ba sai la'asar sakaliya ko magariba, uba kuma wataƙila yana kan hanyar Kano ko Agadas. A lokacin karatu, malamin makaranta ne ke riƙe musu yaro na awoyi masu yawa a kowace rana. To yanzu da malam ya rufe aji, wane ne ke riƙe da ɗan shekara 14 ko 'yar shekara 15 daga safe zuwa dare?

Wannan tambaya ta shafi kusan kowane gida, domin ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta nuna cewa jahar Damagaram ce ta fi kowace jaha yawan jama'a a Nijar, da mutum sama da miliyan uku da rabi, kuma kusan rabin al'ummar ƙasar ba su kai shekara 15 ba.

Asalin sansanin hutu

A lokacin babban hutu akan ji a rediyo ko a gani a talabijin an tara 'ya'yan ma'aikatan wasu manyan kamfanoni da hukumomi, an sa musu riguna da huluna iri ɗaya, an ɗebe su a mota zuwa wani gari, wasu ma har ƙasar waje, domin su yi mako ɗaya ko biyu. Shi ne abin da 'yan boko ke kira koloni, wato sansanin hutu. Galibin 'yan kasuwa kan ɗauke shi a matsayin harkar masu albashi, wadda ba ta shafi ɗan mai tebur ko 'yar mai ƙosai ba. Sai dai tarihi ya nuna cewa don 'ya'yan talakawa aka fara shi.

A shekarar 1876 wani limamin coci a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, mai suna Walter Bion, ya lura da yadda 'ya'yan leburori ke ramewa a cikin ƙuntatattun gidaje marasa iska, iyayensu kuma suna wurin aiki wuni guda. Sai ya nemi gudummawar jama'a, ya ɗebi yara 68 ya kai su ƙauyukan kan tudu tare da malamai masu kula da su, inda suka sha iska suka ci abinci mai kyau. Da aka ga yadda yaran suka dawo da ƙoshin lafiya, sai dabarar ta bazu zuwa Jamus da Faransa, daga Faransa kuma ta iso ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka.

A Ingila kuwa, a farkon watan Agustan 1907, wani hafsan soja mai suna Baden-Powell ya tara yara maza 20 a wani ƙaramin tsibiri da ake kira Brownsea, wasu 'ya'yan masu hali, wasu kuma 'ya'yan ma'aikata, suka yi kimanin mako guda tare. Ya raba su rukuni huɗu, kowane rukuni da shugabansa daga cikin yaran, kowace rana kuma da darasinta, kama daga kafa tanti da dafa abinci zuwa bin sawu da ceton wanda ya faɗa ruwa ko ya ji rauni. Daga wannan mako ne ƙungiyar 'yan sikawut ta samo asali, wadda a yau take da rassa a kusan dukkan ƙasashen duniya, har da Nijar.

Idan mai karatu ya cire tanti da riga da hula, zai ga abin da ya rage a cikin sansani bai wuce abu uku ba: lokacin yaro a tsare yake tun daga tashi har kwanciya, akwai babba mai amana a kansa, sannan akwai wani aiki da yaron zai nuna ya ce da hannunsa ya yi. Babu ɗaya daga cikinsu da sai an je Yamai ko Kwatano kafin a same shi.

Mu ma muna da namu

Dattawan Damagaram za su shaida cewa a da ba a barin matashi sakaka. Kowace unguwa da kowane ƙauye na da sarkin samari, 'yan mata ma suna da shugabarsu. Idan damina ta faɗi sai a kira gayya, samari su fita da kalangu su nome gonar tsoho ko ta maras lafiya, da rani kuma su yi yaɓen masallaci ko su yashe rijiya. Da dare a haɗu a dandali, 'yan mata na gaɗa, maza na langa, idan kaka ta yi a shiga kokawa tsakanin ƙauye da ƙauye.

Bayan da Janar Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, gwamnatinsa ta ɗauki wannan tsohuwar al'ada ta samariya ta mayar da ita ƙungiyar matasa ta ƙasa baki ɗaya. 'Yan samariya sun gina azuzuwa, sun share gari, sun dasa itatuwa, musamman ranar 3 ga Agusta wadda tun 1975 ake dashe a cikinta. A wannan zamani ne kuma aka riƙa yin bikin matasa na ƙasa, ana zagayawa da shi jaha-jaha, ana gasar wasan kwaikwayo da waƙa da rawa, sannan a 1975 aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa. Gaskiya ne hukuma ta yi amfani da samariya wajen tallata manufofinta da sa wa jama'a ido, amma duk da haka matashi ya san inda zai nufa da yamma, ya kuma san wanda zai tsawata masa. Bayan babban taron ƙasa na 1991 da zuwan jam'iyyu barkatai, sai samariya ta watse, ba a kuma kafa wani abu da ya maye gurbinta a unguwanni ba.

Sai kuma gona. Da yake babban hutu yana faɗowa ne daidai damina, a da yaron birni kan tafi wurin kakanninsa a wajen Mirya ko Magarya ko Matamaye, ya yi noman farko da maimai, ya kori tsuntsaye, ya kai awaki kiwo a ƙarƙashin gawo, ya dawo a Oktoba ya yi baƙi ya yi ƙarfi, da damin hatsi ko buhun gyaɗa na guzuri. Har gobe akwai gidajen da ke yin haka, kuma sun kyauta. Amma gari ya faɗaɗa, gonakin bayan gari da yawa an yanka su filaye, kuma akwai yaran da aka haifa a birni waɗanda ba su da sauran wata gona da za su je.

Daga fada zuwa pale

Hausawa na cewa idan bango bai tsage ba, ƙadangare ba ya samun wurin shiga. Giɓin da samariya ta bari shi ne fada ta cike tun daga shekarun 1990. Samari su sami inuwa ko gindin bango, su rubuta sunan fadarsu, su ajiye benci da 'yar buta da gawayi, a dafa shayi na ɗaya da na biyu da na uku, ana karta ana sauraron rediyo, a yanzu kuma kowa na latsa salularsa. Ba kowace fada ce ɓatacciya ba. Akwai masu tara kuɗi don bikin ɗan'uwa ko jinyarsa, akwai masu sintirin dare da sharar unguwa, akwai kuma fadar ɗalibai da ke bitar karatu tare.

Sai dai daga baya wani reshe ya fito wanda mutanen Damagaram suka sani da sunan pale, inda ake samun faɗace-faɗacen unguwa da unguwa, da sara-suka, da shan ƙwayoyi irin su tiramol. Wata 'yar asalin garin mai shirya fina-finai, Aicha Macky, ta fitar da fim a 2021 mai suna Zinder a kan matasan unguwar Kara-Kara, wadda tun asali aka keɓe wa masu cutar kuturta. Wanda ya kalli fim ɗin zai ga samari majiya ƙarfi, suna ɗaga ƙarafa, suna fasa dutse, suna fasa-ƙwaurin fetur, duk don neman abin kai wa baki da kuma neman a san da zamansu. Ƙarfin da aka zuba a can, da ya sami mai yi masa jagora tun yaro na shekara 12, da wani labarin ake ba wannan ba.

Abin da ya kamata iyaye su gane shi ne yaro ba ya kwana ya tashi ɗan pale. Ana farawa ne da aike: je ka sayo sukari, je ka sayo gawayi, kawo mini sigari. Gobe a ba shi ragowar shayi, jibi a ba shi suna, kafin hutu ya ƙare ya sami waɗansu yayyen da yake jin maganarsu fiye da ta uwar da ta haife shi. Wata uku sun isa a yi wannan, kuma idan Oktoba ta zo, wani yaron jikinsa ne kawai ke komawa aji.

'Yan mata da talla

Ita 'ya mace ba ta zaman fada, hutunta na tafiya ne a tsakanin wanke-wanke da raino da ɗaukar tire. Babu mai musun cewa da yawa daga manyan hajiyoyin kasuwa ta hanyar talla suka koyi lissafi da iya magana da mai saye, kuma a gidaje da yawa cinikin yarinya ne ke sayen cefane, shi ne kuma ake tara mata kayan ɗaki da shi. Amma akwai bambanci tsakanin tallar safe a cikin unguwa, inda kowa ya san 'yar wace ce, da tallar dare a tasha ko a bakin fada, inda ba wanda ya san iyayenta. Uwar da ta ce kada a dawo mata da ragowar kaya, ta sa yarinya a tsaka mai wuya ba tare da ta sani ba.

Har ila yau, a babban hutu ne 'yan mata da yawa ke yin sallama da makaranta. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na shekarar 2012 ya nuna cewa 76 cikin 100 na matan Nijar suna yin aure kafin su cika shekara 18, kuma a watan Disamban 2017 gwamnati ta fitar da doka ta musamman don kare karatun 'ya mace. Maganar aure ta iyaye ce da malamai, amma 'yar kasuwa ta fi kowa sanin amfanin ɗiyar da ta iya rubuta bashi, ta iya karanta takardar likita, ta iya duba saƙon kuɗi a salula ba sai an kira ɗan maƙwabta ba.

Abin da yaro ke so ba shirme ba ne

Kowane yaro na da abin da ke ɗauke masa hankali. Wani kiwon tantabaru ne, ya san kowace da kamanninta, ya san wadda ke kwanci. Wani zomaye, wani ƙera mota da waya da gwangwanin madara, wani ƙwallo, wani zane, wani kuma duk rediyon da ya lalace a gida sai ya kwance shi. A wajen 'yan mata akwai mai son kitso da zanen lalle, da mai saƙa, da wadda ba ta gajiya da karatun littattafan Hausa. Sau da yawa iyaye kan kira wannan shiririta, a fasa akurkin tantabaru, a jefar da motar gwangwani, a ce yaro ya tashi ya yi abin kirki.

Ɗan kasuwa kuwa ya kamata ya dubi abin da idon ciniki. Yaron da ke kiwon tantabaru yana koyon sayen dawa, da lissafin abin da ya kashe, da jiran riba, da haƙurin asara idan kyanwa ta yi ɓarna. Mai kwance rediyo shi ne mai gyaran salula na gobe. Mai kitson ƙawayenta kyauta, idan ta ƙware ranar salla sai an bi layi a ƙofar gidansu. Ko wasan motsa jiki ma ba a raina shi ba a ƙasar da ta san darajar takobin kokawa. Damagaram ta fitar da 'yan kokawa irin su Langa-Langa da Balla Harouna, waɗanda sunansu ya zagaya Nijar, sannan wasan taekwondo, wanda wasu ke gani kamar tsalle-tsallen yara, shi ne ya kai Abdoulrazak Issoufou Alfaga ga lambar azurfa a gasar Olamfik ta birnin Riyo a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ya fi sauƙin tanƙwaruwa ta ɓangaren da ya riga ya karkata. Uwar da ta san abin da ɗanta ke so, ta riƙe igiyar da za ta ja shi da ita.

Mako guda ba tare da an bar gari ba

To yaya unguwa za ta shirya nata sansanin? Ba sai an kwana a daji ba. Yara su kwana a gidajen iyayensu, su yi karatun allo ko na islamiyya da asuba kamar yadda suka saba, da ƙarfe takwas su hallara a filin makarantar unguwa da izinin darakta da mai unguwa, a sallame su kafin magariba. A raba su rukuni-rukuni na mutum bakwai ko takwas, maza daban mata daban, kowane rukuni ya zaɓi shugabansa. Ga misalin yadda makon zai iya kasancewa.

Ranar Litinin a fara da unguwa. A share lunguna, a yashe magudanan ruwa, a cike ramukan da ruwa ke kwanciya, a kuma bayyana wa yara cewa a irin wannan ruwa ne sauro ke hayayyafa. Da la'asar a buga ƙwallo.

Ranar Talata ta sana'a ce. Damagaram ta yi suna a aikin fata tun zamanin fatake, don haka a kai wani rukuni majema su ga yadda ake jeme fata, wani wurin dukawa, wani maƙera, wani wurin teloli ko masu gyaran babur da salula. 'Yan mata a kai su wurin gwanayen alkaki da masu ɗinki da saƙa. Sharaɗi ɗaya ne: kowa ya dawo da abin da ya taɓa da hannunsa, ko da ɗan zoben fata ne.

Ranar Laraba a shiga Birni. Akwai yaran da aka haifa a Damagaram, suna wucewa ta gaban ragowar ganuwa kullum, amma ba su san cewa a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884 bayan mulkin sama da shekara 30, aka kewaye birnin da ita ba, kuma a zamaninsa maƙeran garin nan suka ƙera igwa. A nuna musu fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram, da gidan da Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth ya sauka a ƙarshen 1852, a gaya musu yadda aka gwabza da sojan Faransa a Tirmini a 1899 zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, da kuma cewa garinsu ne babban birnin Nijar daga 1911 zuwa 1926 kafin a mayar da shi Yamai. Idan an sami dattijon da zai ba da labarin da bakinsa, ya fi kowane littafi shiga kunnen yaro.

Ranar Alhamis, da yake makarantun allo na hutu kuma ita ce babbar ranar kasuwa, kowane yaro ya bi uwarsa ko ubansa ko wani amintacce zuwa rumfa, amma da littafi da biro a hannu. Ya rubuta uwar kuɗi, ya rubuta abin da aka sayar, da abin da aka bayar bashi, da kuɗin dako da na haraji, da yamma a haɗu kowa ya fitar da riba ko faɗuwa. A nan ne ɗan koleji zai gane cewa lissafin da ake koya masa a aji yana da amfani a gindin tebur, ita ma uwa wataƙila ta gano inda kuɗinta ke zurarewa.

Ranar Juma'a da safe a gayyato ma'aikacin lafiya ko 'yan agaji su koya wa yara yadda ake ɗaure rauni, da yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, da abin da ake yi wa wanda aka tsamo daga ruwa. Bayan an sauko daga masallaci a kai ziyara ga tsofaffi da marasa lafiya na unguwa.

Ranar Asabar ta gasa ce: langa da kokawa da dara da ƙwallo ga maza, carafke da gaɗa da gasar kitso ga mata, sannan kowane rukuni ya shirya ɗan gajeren wasan kwaikwayo a kan abin da ya gani a makon. Idan shirin ya yi ƙarfi, ana iya neman fili a gidan al'adu na Abdussalam Adam.

Ranar Lahadi, idan aljihu ya yarda, a ɗauki mota zuwa Mirya, mai tazarar kilomita 18 kacal, ranar kasuwarta ke nan, yara su ga lambuna su ga yadda ake cinikin ƙauye. A dawo da wuri a rufe taro a gaban iyaye, kowane yaro ya dasa itace ɗaya da sunansa, ya kuma faɗi sana'a ko wasan da ya zaɓa zai ci gaba da shi har ƙarshen hutu. Wannan zaɓi shi ne ribar makon, domin mako ɗaya ba ya gyara yaro, amma yana iya haɗa shi da maigidan da zai riƙe shi sauran makonnin.

Ina za a sami kuɗin?

Matan da suka iya adashe ba sa bukatar a koya musu wannan. A ce mata 20 na layi ɗaya a kasuwa ko na unguwa ɗaya su riƙa zuba dala 100 kowace mako, jika 10 ke nan a mako. Idan aka fara daga farkon Afrilu zuwa kusan ƙarshen Yuni, mako 12, an tara jika 120. Idan yara 30 ne, kowane ya tashi da jika huɗu. Ko bai isa komai da komai ba, ya zama tushe, sauran kuma a cike da kayan hannu: mai hatsi ya ba da tiya biyu, mai mai ta ba da kwalba, mai mota ya rage kuɗin zuwa Mirya, mahauci ya taimaka da abin miya. Masu kula da yara kuwa suna nan a unguwa, domin malaman makaranta suna hutu, haka ɗaliban Jami'ar André Salifou da na lise, ga kuma 'yan sikawut da suka san aikin. A ware musu ɗan abin goro, kada a ce komai sai don Allah.

Abubuwan da za a yi hattara da su

Na farko shi ne ruwa. Da damina tafkuna da kududdufai da ramukan da aka haƙi ƙasa ko aka fasa dutse duk suna cika, yara kuma ba sa jin kira idan suka ga ruwa. Ramin da aka haƙa ba shi da gaɓa, taku ɗaya ne tsakanin ruwa iya gwiwa da wanda ya shanye mutum. Ban da nutsewa, a irin wannan ruwa ake ɗaukar tsargiya, don haka yaron da aka ga jini a fitsarinsa a kai shi likita, kada a ce alamar girma ce. Na biyu zazzaɓin cizon sauro, wanda ke tsananta daga Agusta zuwa Oktoba. Samarin da ke raba dare a waje su ne abincin sauro, gidan sauro kuma ba na jarirai kaɗai ba ne.

Na uku, koyon sana'a daban, bautar da yaro daban. Ɗan shekara 13 ba na ɗaukar buhu ba ne, ba na tuƙa kabu-kabu ba ne, ba kuma na zama a gaban kwalaben fetur a bakin titi ba ne. Uba ya je da kansa ya ga maigidan da ya damƙa wa ɗansa, ya riƙa leƙawa ba tare da sanarwa ba. Haka a wurin sansanin, kada a bar babba ɗaya shi kaɗai da yara, mata su kula da 'yan mata, a rubuta sunan kowane yaro da lambar wayar iyayensa, a ƙirga su da safe a ƙirga su da yamma.

Na huɗu, masu zuwa da daɗin baki su ce a ba su aron yaro a tafi da shi arewa, kafin a buɗe makaranta ya dawo da abin arziki. Mutanen jahar nan ba su manta da watan Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 a cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga ciki yara ne, 33 mata, galibinsu daga yankin Kance, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace.

Daga ƙarshe, kira ga shugabannin 'yan kasuwa da na ƙungiyoyin mata da masu unguwanni da limamai: kamar yadda ake zama a tsara sayen ragon layya ko kayan azumi tun da sauran lokaci, haka ya kamata a zauna a tsara hutun yara tun kafin a rufe makaranta. Hajiya da Alhaji, duk wanda ya rufe rumfa da yamma yakan ƙirga cinikinsa kafin ya kwanta. A daren yau, bayan an gama ƙirgar kuɗi, a kira yaro a tambaye shi inda ya wuni, da wa ya wuni, da kuma abin da ya koya. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa albarka a kasuwa.